Ina son fara yoga saboda ciwon ƙugu, ta ina zan soma?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni tela ce a Unguwar Rogo, nan Jos, shekaruna 39, 'ya'yana huɗu. Kusan shekara biyu ke nan ina fama da ciwon ƙugu da na wuya, musamman idan na wuni a kan keke. Na je asibiti an yi min hoto, aka ce ƙashina lafiya lau, aka ba ni magani aka ce in riƙa motsa jiki. Ƙanwata da ke Abuja ta ce in gwada yoga, har ta turo min bidiyo, amma matan da na gani a ciki suna lanƙwasa jiki kamar ba su da ƙashi, ni kuwa ko yatsun ƙafata ba na iya taɓowa. Wata maƙwabciyata kuma ta ce min bautar Indiyawa ce. Shin ta dace da irina? Ba ni da kuɗin zuwa gidan motsa jiki. Kuma za ta rage min tumbi? Daga Maman Ummi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Maman Ummi. Sannu da fama, Allah ya ƙara sauƙi. Na ji daɗi da kika fara zuwa asibiti kafin ki nemi wata dabara, domin hakan ya rage mana rabin aiki. A sashen gashin ƙashi, masu irin ciwonki su ne mafi yawan waɗanda muke gani: teloli, masu saƙa, ma'aikatan ofis, direbobi, duk wanda sana'arsa ta zaunar da shi wuri guda. Kina sunkuye a kan keke, haɓarki ta yi gaba, kafaɗunki sun rufto, ƙafarki na taka feda. Tsokar gaban kwankwaso da ta ƙirji sai su ɗaure, ta ɗuwawu da ta ciki kuma su yi sanyi don ba a sa su aiki. Ƙugu da wuya ne ke ɗaukar nauyin da ya rage. Hoto ba ya nuna wannan, shi ya sa aka ce miki ƙashi lafiya, alhali ke kin san abin da kike ji.

Bari in fara da maganar maƙwabciyarki, don na san idan zuciya ba ta natsu ba, jiki ba zai bi ba. Ba ƙarya ta yi ba. Kalmar yoga daga Sanskrit take, tsohon harshen Indiya, kuma tushenta yana nufin haɗawa, kamar yadda ake haɗa shanun huɗa a ƙarƙashin karkiya ɗaya. Asalinta tafarki ne na horon zuciya da ibada a addinan can. Amma wadda ta cika duniya yau, mai miƙe-miƙe a kan shimfiɗa, yawancinta a ƙarni na 20 aka tsara ta. Wani malami mai suna Krishnamacharya ya koyar da ita a fadar Mysore da ke Indiya a shekarun 1930, almajiransa irin su Iyengar suka yaɗa ta zuwa Turai da Amurka, inda akasarin masu yinta suka ɗauke ta a matsayin motsa jiki. A Disamban 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 21 ga Yuni ta zama ranar yoga, aka fara bikinta a 2015.

Malamai sun yi magana a kai. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga saboda abin da ke cakuɗe da ita na rera kalmomin bauta. A farkon 2009 majalisar malaman Indonesiya ta haramta wadda ke ɗauke da irin waɗannan al'adu, ta kuma bar ƙofa a buɗe ga wadda motsa jiki ce zalla. Ni abin da nake koya wa marasa lafiyata, Musulmi da Kirista, babu rera kalmar bauta ta "om" a ciki, babu haɗa tafin hannu a rusuna wa kowa, kuma ba na sa su jerin motsin da ake kira gaisuwar rana, wanda aka fi yi daidai fitowarta. Miƙa jiki ne da sarrafa numfashi. Idan har yanzu ranki bai kwanta ba, ki nuna wa malamin da kika amince da shi ainihin motsin, ya faɗa miki. In ma sunan ne ke damunki, ki ajiye shi, ki kira abin miƙa jiki. Tsokarki ba ta san sunan ba.

Yanzu batun rashin taɓo yatsun ƙafa. Mutane kan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai mace ta kai shekara 39 ta ɗauka ta bushe. Jikin ɗan Adam ba icce ba ne. Tsoka da jijiya suna sabawa da abin da aka saba musu da shi har tsufa, sai dai a hankali. Matan da kika gani a bidiyo, wasu sun shekara goma suna yi, wasu kuma haka aka halicce su da sakakkun gaɓoɓi, kuma irin wannan sakin ba koyaushe ne alheri ba. Ba don ki kai inda suka kai za ki yi ba. Don ki tashi daga kan keke da yamma ba tare da kin dafa ƙugu ba za ki yi. A 2017 Kwalejin Likitoci ta Amurka ta saka yoga cikin abubuwan da ta ce a fara gwadawa kafin magani ga mai ciwon ƙugu da ya daɗe. Sauƙin da ake samu matsakaici ne, kusan daidai da na sauran motsa jiki, kuma sai an ɗore ake ganinsa. Na gwammace in faɗa miki haka tun yanzu da ki yi mako ɗaya ki ce an yaudare ki.

Kuɗi kuwa ba kya buƙata. Wuri ne daidai tsawonki a tsakar ɗaki, da shimfiɗar da ba ta zamewa. Tabarmar roba a kan tayil tana santsi, kafet ya fi. Idan daga baya kika samu hali, shimfiɗar yoga mai kaurin milimita 4 zuwa 6 ta isa. Ki sa wando mai walawa da riga, ki cire safa. Ki ajiye filo ɗaya da tsohon ɗankwali kusa.

Sanyin Jos abin lura ne. Garin nan yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma kin san yadda asubar Disamba da Janairu take. Kada ki sauko daga gado ki hau miƙa tsoka mai sanyi. Ki yi minti uku zuwa biyar kina taka ƙafa a tsaye kamar mai fareti, kina juya kafaɗu, har ki ji jiki ya ɗan yi ɗumi. A lokacin hunturu ma na fi son ki yi da hantsi ko bayan la'asar. Idan kin ci tuwo ko shinkafa kin ƙoshi, ki bari awa biyu zuwa uku su wuce.

Numfashi shi ne farkon darasi, kuma a nan nake so ki fi daɗewa. Ki kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a kan cibiya. Ki ja iska ta hanci kina ƙirga huɗu, ki bar hannun da ke kan cibiya ya ɗaga. Ki sake ta a hankali kina ƙirga shida. Akwai faffaɗar tsoka tsakanin ƙirji da ciki wadda ita ce aka yi domin numfashi, amma mai yawan sunkuyo takan koma ja da kafaɗa da wuya, wuyan da dama ya gaji. Idan fitar numfashi ta fi shigarsa tsawo, bugun zuciya yakan lafa, tsokar da ta ƙanƙame ta saki. Hanci kuma yana ɗumama iska ya tace ƙura, abin da ke da amfani sosai a lokacin hazo. Ki yi sau goma. Daga nan duk motsin da za ki yi, numfashin nan ne ma'auninki: idan kika ga kin riƙe shi, ko yana fita da ƙyar, kin zarce iyakarki, ki dawo baya kaɗan.

Sai ki juya ki durƙusa a kan gwiwoyi da tafin hannu, hannu daidai ƙasan kafaɗa. Idan kina jan iska ki saki ciki ya sauka, ki ɗago ƙirji. Idan kina fitarwa ki tura gadon baya sama kamar kyanwar da ta ga kare, kai ya sunkuya. Sau takwas, ba gaggawa. Wannan motsin shi ne na fi ba teloli, don yana bi ta kan ƙashin baya gaɓa bayan gaɓa. Daga nan ki ja ɗuwawu baya su sauka kan diddige, goshi a kan filo, hannuwa a miƙe gaba, ki yi numfashi biyar. Idan gwiwa ta yi ƙara ko ta yi zafi, ki cusa filon tsakanin cinya da sharaɓa.

Ki kwanta rub da ciki, tafin hannu kusa da haƙarƙari, ki ɗago ƙirji kaɗan kawai, cibiya na ƙasa, ido na kallon shimfiɗa. Wannan shi ne kishiyar zaman keke. Mutane kan yi kuskuren miƙe hannuwa gaba ɗaya su karya ƙugu baya, wanda ke ƙara ciwon. Taƙi ɗaya daga ƙasa ya wadatar. Ki sake juyawa rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, ki matse ɗuwawu ki ɗaga kwankwaso sama ya zama kamar gada, numfashi uku, ki sauko. Sau shida. Wannan ne ke farkar da tsokar da zama ya kashe. Sannan ki rataya ɗankwalin a tafin ƙafa ɗaya, ki ɗaga ƙafar sama kina riƙe da bakinsa biyu har ki ji bayan cinya ya ja, ki tsaya daƙiƙa 20 zuwa 30, ki sauya ƙafa. A kwance ƙugunki na da madogara, ya fi miki aminci a kan ki tsaya kina sunkuyawa kina neman yatsu. Ki rufe da kwanciya shiru na minti biyu, filo a ƙarƙashin gwiwoyi.

Duka wannan bai wuce minti goma sha biyar ba. Ki yi sau huɗu ko biyar a mako, ki riƙe waɗannan kaɗai har wata guda kafin ki ƙara wani abu. Idan za ki nemi bidiyo, ki nemi na masu farawa, irin da ake kira hatha. Ki bar masu sauri irin su ashtanga, da wadda ake yi a ɗaki mai zafin digiri 40, da tsayuwa da ka, da naɗe ƙafafu a kan cinya. Wuya da gwiwa su ne wuraren da muka fi ganin rauni a wajen masu koyo daga waya ba mai gyara musu.

Ki koyi bambanta ja da zafi. Ja mai faɗi a cikin tsoka, wanda ke raguwa idan kin yi numfashi, shi ake nema. Tsamin jiki washegari ko bayan kwana biyu shi ma ba komai, yana wucewa cikin 'yan kwanaki. Amma zafi mai suka kamar allura, ko wanda ke cikin gaɓa, ko mai gangarawa ƙafa kamar wutar lantarki, wannan ki tsaya nan take. Akwai kuma alamomin da ba na son ki jira ko kwana ɗaya a kansu: ƙafa ta riƙa sagewa ko ta rasa ƙarfi, fitsari ko bayan gida ya riƙa kuɓucewa ko fitsari ya ƙi fita, tsakanin cinyoyi ya mutu ba kya jin taɓawa. Haka zazzaɓi da rama tare da ciwon bayan da ke tada ki cikin dare, domin tarin fuka na iya kama ƙashin baya, kuma muna ganinsa a ƙasar nan. Waɗannan na asibiti ne.

Ba ki faɗa min sauran lafiyarki ba, don haka ki duba ko kina cikin waɗannan. Mai hawan jini ko hawan jinin ido ta guji duk abin da zai sa kai ya koma ƙasa da zuciya na tsawon lokaci, kada kuma ta riƙe numfashi. Mai juna biyu ba ta kwanciya rub da ciki, kuma idan cikin ya tsufa ba ta daɗewa a rigingine. Wadda aka yi wa tiyatar haihuwa ta jira izinin likita, galibi ba ƙasa da mako shida ba. Mai sikila da ke jin ciwo a kwankwaso a fara duba kan ƙashin cinyarta, don cutar kan hana jini isa wurin.

Tumbi: a'a, yoga mai sauƙi irin wannan ba za ta narkar da shi ba, kuma babu motsin da ke zaɓar kitsen wuri ɗaya ya cire. Za ta ƙarfafa tsokar ciki ta gyara tsayuwarki, sai ki ga cikin ya ɗan shige. Bayan haihuwa huɗu yana yiwuwa ma tsokar cikin ce ta rabu a tsakiya, abin da likitan gashin ƙashi zai gane da yatsunsa cikin minti ɗaya. Rage ƙiba sai an taɓa abinci, an rage lemon kwalba da soye-soye, an haɗa da tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici. Tafiyar rabin awa da sauri, kwana biyar, ta cika mafi ƙarancin wannan. Ranar da za ki Taminus sayen yadi da zare, ki sauka daga Keke Napep tun kafin ki isa, ki ƙarasa da ƙafa.

Abin da ke tsorata ni da teloli shi ne gabanin Sallah, lokacin da ɗinki ke taruwa a kwana a kan keke. Minti goma sha biyar da safe ba za su goge zaman awa goma sha biyu ba. Ki saita ƙararrawar wayarki, duk bayan minti 30 zuwa 40 ki miƙe tsaye, ki dafa ƙugu da hannu biyu ki ɗan karkata baya sau uku, ki ja haɓa ciki kamar mai son yin haɓa biyu, ki matse allon kafaɗu, sannan ki zauna. Idan benci kike zama a kai, ki canza zuwa kujera mai majingina, ki naɗe tawul ki sa a kwarin ƙugu. Ki ƙara haske a kan allura, domin rashin gani sosai ne ke jawo kai gaba.

Ki ba abin mako shida zuwa takwas. Idan kin kiyaye kuma ba ki ga sauyi ba, ko ciwon ya ƙaru, ki je sashen gashin ƙashi na asibitin da ke kusa da ke a duba ki da hannu. Ki tafi da hoton da aka yi miki, kuma ki sa wani ya ɗauke ki hoto ta gefe kina zaune a kan keke kina ɗinki, ki nuna wa likitan.