Bar riyal ɗinka yadda take

Ɗan'uwa, kana tambaya ko ka juya riyal ɗin da ka tara a Jidda zuwa yuan, kuɗin ƙasar Sin, tunda ana ta cewa Sin na gab da kayar da dalar Amurka. A'a, kada ka taɓa ta. Tun 1986 riyal a ɗaure take da dala, 3.75 kan dala ɗaya, kuma har gobe da dala ake yanka wa man fetur farashi. Gaskiya ne bashin da ke kan gwamnatin Amurka ya haura dala tiriliyan 35, kuma a 2023 babban bankin Saudiyya da na Sin sun ƙulla yarjejeniyar musayar kuɗi ta yuan biliyan 50. To amma ita kanta Sin ba ta son yuan ya yi tsada, don kayanta su ci gaba da araha a kasuwannin duniya. Abin da Amurka ta daɗe tana ƙorafi a kai ke nan.

Sai fa in mai ba ka kaya ya ce da yuan yake so, to sayi daidai na biyansa. Ni carbi da darduma nake sarowa daga birnin Yiwu na ƙasar Sin saboda alhazai, kuma yawancin rasit ɗina da dala suke zuwa. Sau ɗaya na dawo da ragowar yuan a aljihu, na kai wa wani ɗan canji a unguwar Balad da ke Jidda. Ya juya takardun, ya ɗaga su a fitila, ya faɗi farashin da sai da na yi salati. Suna nan cikin akwati har yau.