Kada Ki Bar Allurar Prolia Haka Kawai

'Yar'uwa, kin ce kin gama jinyar sankarar mama, kina shan letrozole, maganin hana ta dawowa, kuma kina so ki daina allurar Prolia mai kare ƙashi da ake yi miki duk wata 6 saboda tsada. Don Allah kada ki daina sai kin zauna da likitanki.

Letrozole yana rage sinadarin estrogen na jikin mace, shi ya sa ƙashi ke zaizayewa. Ita kuwa Prolia danne ƙwayoyin da ke cin ƙashi kawai take yi, ba ta zama a cikinsa. Ƙarfinta na ƙarewa sai ƙwayoyin nan su taso da yunwar da ta fi ta da. An ga ƙasusuwan gadon baya sun rufta, biyu ko uku a tare, tun daga wata 7 bayan allurar ƙarshe. Wata mata ko faɗuwa ba ta yi ba, sunkuyawa ta yi za ta ɗauki bokiti.

Idan dole ne a daina, akan ba da zoledronate ta ƙarin ruwa wajen wata 6 bayan allurar ƙarshe, ko ƙwayar alendronate, domin su suna maƙalewa a ƙashi. Ki gaya wa likita maganar kuɗin ƙarara.

In ciwon baya mai tsanani ya taso miki kwatsam, ki je a yi miki hoto ranar. Allah ya ƙara lafiya.