Da wane jiki Yesu ya tashi daga matattu?

Tambaya: Malam barka da aiki. Daga Kaltungo nake rubutowa. Ran Asabar Shaidun Jehobah sun shigo gidanmu suka ce wai Yesu ba da jikinsa ya tashi ba, a ruhu ya tashi, ni kuwa ba haka aka koya mana a cocinmu na ECWA ba. Ya abin yake?

Amsa: Yauwa 'yata, sannu da ƙoƙari. Abin da aka koya miki shi ne ra'ayin mafi yawan Kirista, Katolika da Angilika da 'yan Otodoks da ECWA ɗinku duk bakinsu ɗaya a nan, cewa kabarin ya zama wofi kuma jikin da aka gicciye shi ne ya tashi, sai dai ya canza, baya sake mutuwa. Suna kafa hujja da Luka 24 inda Yesu ya ce ma almajirai su taɓa shi su ji, ruhu ba shi da nama da ƙashi, har aka miƙo mishi gasasshen kifi ya ci a gabansu. Ga kuma Toma a Yohanna 20 da aka ce ya sa yatsa a gurbin ƙusa.

Baƙinki kuma 1 Bitrus 3:18 suke riƙewa, an kashe shi a jiki aka rayar da shi a ruhu, sai su ce jikin da almajirai suka gani ɗaukarsa ya yi na ɗan lokaci kamar yadda mala'iku ke yi.

To gaskiya inda rigimar take kwance shi ne 1 Korintiyawa 15:44, wajen da Bulus ya ce ana shuka jiki na ɗabi'a a tashe shi jiki na ruhu. Shaidun Jehobah sun kama kalmar ruhu, sauran sun kama kalmar jiki. Ni dai ina tare da na biyun, dan misalin da Bulus ya kawo na manomi ne, ke da kika tashi a ƙasar Tangale kin sani, ƙwayar dawar da kika binne farkon damina ba ita kike gani ba lokacin girbi, kara ne dogo da zangarniya, amma ai daga ita ya fito, ba wata ƙwaya aka musanya miki cikin dare ba.

Akwai kuma ra'ayi na uku da zaki fi ji a jami'o'in Turai. Wani malamin Jamus Rudolf Bultmann tun 1941 yake cewa mutumin zamani ba zai yarda gawa ta tashi ba, abin da ya tashi shi ne bangaskiyar almajirai. Wani bishop na Ingila N.T. Wright ya mai da martani ga irin wannan tunani da ƙaton littafi a 2003, ya nuna Bayahuden wancan zamani in ya ce tashin matattu to jiki yake nufi.

In sun dawo ki ba su ruwa su sha, ku buɗe Luka 24:39 tare ki ji me za su ce kan nama da ƙashin nan.