Kamfanin sinadarai ya haƙa mana burtsatse, ko ruwan zai shawu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune kusa da rukunin masana'antu na Idu a Abuja. Wani kamfanin haɗa sinadaran fenti ya haƙa mana rijiyar burtsatse, amma gurɓataccen ruwansa yana malala ta bayan katanga, dab da rijiyar. Mai unguwa ya ce kada mu yi butulci tunda ruwan garau yake. Ina da ƙananan yara, hankalina ya kasa kwanciya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Burtsatse kyauta ce, amma tace gurɓataccen ruwa kafin a sake shi wajibi ne bisa ƙa'idojin hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, NESREA, na shekarar 2009 kan masana'antun sinadarai, kuma kyauta ba ta sauke wajibi, komai girman allon da kamfani ya kafa a bakin rijiya.

Maganar "ruwan garau yake" kuwa ita ce ta fi ƙona mini rai, domin kusan kullum sai na ji ta, har daga bakin masu ilimi. Abin tsoro a gurɓataccen ruwan masana'anta shi ne guba irin su dalma. Dalma da danginta idan suka narke a ruwa ba sa sauya masa launi, ƙamshi ko ɗanɗano. Wasu su ce a tafasa, alhali tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa. Ruwan ne yake ƙonewa ya bar dalmar, ta ƙara yawa a ragowar da ke tukunya. Wasu su jefa alif, laka ta kwanta, su ce magana ta ƙare. Sai kuma masu yawo da ƙaramar na'ura suna tsomawa a kofi su karɓi kuɗi, na'urar da jimillar abin da ya narke a ruwa kawai take aunawa, ba ta bambance gishiri da guba. A Zamfara a 2010, ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta kashe yara sama da 400, iyayensu ba su ga komai da ido ba. Yaron da ya sha dalma kaɗan-kaɗan ma yakan tashi da raunin ƙwaƙwalwa wanda ba ya warkewa.

Ki nemo wa yara wani ruwan sha da na girki tukuna. Ku haɗu ku nemi kamfanin ya nuna sakamakon gwajin ɗakin bincike mai kwanan wata, sannan ku kai ƙorafi a rubuce ga NESREA da hukumar kare muhalli ta Abuja, AEPB. Ku tabbatar an buga wa kwafinku hatimin karɓa, domin ƙorafin baka a ofis "ku dawo gobe" kawai yake haifarwa.