Bajin da na saya a shago zai iya shiga gasa idan na ƙara masa abinci?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina zaune a Leeds, shekara huɗu ke nan. A gida tantabaru nake kiwo tun ina yaro, da na zo nan kuwa babu fili, sai na sayi baji, ƙananan tsuntsayen kejin nan dangin aku, guda biyu a shagon sayar da dabbobin gida, namiji kore, mace shuɗiya. Kwanan baya wani dattijo Bature maƙwabcina ya ja ni kallon gasar baji ta ƙungiyarsu. Wallahi da na ga tsuntsayen da aka jera sai da na ji kunyar nawa: kawuna kamar an naɗa musu rawani, ƙirji a cike, nawa kuwa kamar ba su gama girma ba. Shin iri ɗaya ne kuwa? Akwai abincin da zan riƙa ba su su kai haka? Sannan macen ta yi ƙwai sau biyu, ko ɗaya bai ƙyanƙyashe ba. Ina so in shiga harkar sosai, ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tsuntsu ɗaya ne, babu ko tantama. Naka da na maƙwabcinka duk jikokin ɗan ƙaramin akun nan ne na busassun dazuzzukan tsakiyar Ostareliya, wanda masana ke kira Melopsittacus undulatus, dangin tsirya. A dawa kore ne mai rawayar fuska, tsawonsa kamar santimita 18, nauyinsa bai wuce giram 30 da 'yan kai ba. Masanin tsuntsaye John Gould ne ya kawo shi Ingila da rai a 1840. Duk sauran launukan da ka gani, shuɗi da fari da toka-toka da rawaya zalla, a cikin keji suka ɓullo daga baya. Shuɗin ma sai a 1910 aka fara baje shi a Landan, mutane suka yi ta tururuwar kallo.

To amma batun abinci, gara in faɗa maka gaskiya tun yanzu kada ka yi asarar kuɗi a kan kwalabe masu lakabi mai daɗi: babu hatsin da zai mai da naka ya zama irin waɗancan. Ka yi kiwon tantabaru, ka san ko buhun dawa nawa ka juye wa 'yar ƙaramar tantabarar gida ba za ta tashi da jikin manyan nan na ƙasar waje ba. Ƙiba kawai za ta yi, kuma baji mai ƙiba ba ya barbara, hantarsa ma takan lalace. Girman da ka gani aikin zaɓen iri ne na kusan shekara ɗari. A 1925 aka kafa ƙungiyar masu kiwon baji ta Ingila, wadda ake kira Budgerigar Society tun 1930 lokacin da Sarki George na Biyar ya zama ubanta. Ita ta zana siffar tsuntsun da ake so, masu kiwo kuma suka yi ta haɗa mai faɗin kai da mai faɗin kai, mai dogon gashi da mai dogon gashi, zuriya bayan zuriya. Yau ma'aunin tsuntsun gasa santimita 21.6 ne daga ƙoƙon kai zuwa ƙarshen bindi, nauyi kuma yakan kai giram 50 zuwa 60. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka kuma ɗan shago ba ya haifar ɗan gasa. Idan ka ce da naka biyun za ka gina iri, za ka tsufa ba ka kamo inda mutanen nan suka baro tun kafin a haife ka ba.

Wani abu kuma da ba kowa zai gaya maka a zauren gasa ba: rawanin nan yawancinsa gashi ne. Ƙashin kan bai fi na naka girma yadda ido ke nunawa ba. Ni a ganina an wuce gona da iri a 'yan shekarun nan, har akan ga tsuntsun da gashi ya rufe masa ido, ba ya gani sai ya karkata kai. Irin waɗannan ba su da ƙarfin tashi, ba su cika daɗewa a duniya kamar ƙananan ba, kuma ƙwansu yakan fita fanko, har sai mai su ya sa almakashi ya rage gashin da ke kewaye da duburarsu kafin barbara ta kama. Saboda haka kada ka raina naka. Su ne za su koya maka aikin, kuma nan gaba in babbar macenka mai tsada ta ƙi ciyar da 'ya'yanta, ƙaramar nan ta shago ce za ta karɓi reno.

Mu zo ga ƙwan da ya ƙi ƙyanƙyashewa, don nan ne ainihin darasinka na farko. Fara da tabbatar da cewa namijin namiji ne. Dubi fatar da ke saman baki, inda ƙofofin hanci suke. Ta baligin namiji shuɗiya ce mai sheƙi, ta mace kuwa fara-fara ce ko ruwan ƙasa, in ta shirya yin ƙwai sai ta yi duhu ta yi kaushi. Mace takan yi ƙwai ko babu namiji, kamar kaza, kuma na sha ganin wanda ya shekara yana jiran 'ya'ya daga mata biyu. Mace ɗaya ƙwai ɗaya take yi ta tsallake kwana ɗaya, har su kai huɗu zuwa shida. In ka ga ƙwai yana ƙaruwa kullum, ko sun haura goma a akwatin sheƙa, ka zargi korenka, wataƙila shi ma mace ne.

In namiji ne da gaske, to a karo na gaba ka sa fensir ka rubuta lamba a jikin kowane ƙwai ranar da aka yi shi. Bayan kwana shida da fara kwanci ka haska shi da 'yar tocila a cikin duhu. Mai ɗa za ka ga jajayen jijiyoyi kamar saƙar gizo, fanko kuwa haske zai ratsa shi tas. Wannan ɗan gwajin ne zai raba maka matsalar gida biyu. Idan fanko ne, barbara ce ba ta kama ba: ko tsuntsayen ba su kai ba, don bai kamata a haɗa su ba sai sun yi wata goma zuwa shekara, ko sandar da suke tsayawa a kai tana juyawa ko tana da santsi, ta yadda mace ba ta iya kafa ƙafa lokacin da namiji ya hau. Sandunan roba da ke zuwa da kejin shago sun ɓata ƙwai da yawa. Ka sa na katako mai kusurwa huɗu ka ɗaure shi tamau. Akwai kuma kaɗaici. Baji tsuntsun garke ne, a dawa dubbai suke tashi tare, kuma hayaniyar 'yan'uwa ce ke motsa su. Biyu rak a falo shiru sau da yawa ba sa yin komai. Idan kuwa akwai ɗa a ciki amma ya mutu kafin kwana 18 na kwanci su cika, duba akwatin. Dole ƙasansa ya kasance da ɗan kwarmi kamar tafin hannu, inda ƙwai za su taru wuri ɗaya. A kan shimfiɗaɗɗen katako sai su watse, wasu su huce. Kwarmin nan kuma yana taimakawa wajen hana ƙafafun 'yan shila tallewa gefe-gefe.

Tunda ta yi sau biyu a jere, cire akwatin yanzu ka bar ta ta huta wata uku ko fiye. Ƙwai na cinye kalsiyam ɗin jikin mace, in ya ƙare sai ƙwai ya maƙale mata, ka same ta a ƙasan keji ta kumbura gashi tana nishi. Wannan ba abin jira zuwa gobe ba ne, ɗumi za ka ba ta ka garzaya wurin likitan dabbobi. Abinci kuwa ba wani sirri a ciki: haɗin gero da ƙwayar kanari, ganye sabo kamar alayyafo da ɗan karas, dafaffen ƙwai da aka marmasa lokacin reno, farin ƙashin kifin tekun nan da ake maƙalawa a keji, da dunƙulen aidin, saboda baji da ke cin ƙwaya zalla yana saurin kamuwa da maƙoƙo. Ka riƙa hure ɓawon da ke saman kwano kowace safiya, don tsuntsu na iya mutuwa da yunwa a gaban kwanon da ke cike da ƙaiƙayi. Kada fiya ta kusance su, guba ce gare su, haka hayaƙin kaskon da ba ya kamu idan ya ƙone. Turaren wuta ma a yi shi a wani ɗakin, ka gaya wa uwargida.

Ta ina za ka fara? Ta wurin dattijon nan. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma a wannan harka abin da ke kan tsofaffin masu kiwo ya fi abin da ke intanet nesa ba kusa ba. Ka shiga ƙungiyar unguwarsu, sannan ka yi rajista da Budgerigar Society. Kana Yorkshire, yankin da ke da tasa ƙungiyar, kuma a Doncaster, tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga Leeds, aka shafe shekaru da yawa ana yin babbar gasar ƙasa. Amfanin rajistar shi ne zobe. Za a ba ka lambarka ta kanka, a buga ta a jikin rufaffun zobba tare da shekara da lambar jeri, launin zoben kuma yana canzawa kowace shekara. Ana zura shi a ƙafar ɗan shila yana da kwana biyar zuwa goma, yatsu uku gaba, ɗaya a kwantar baya. In ya wuce haka ƙafa ta yi girma, ba ya shiga. Zoben nan ne shaidar cewa a hannunka aka ƙyanƙyashe tsuntsun, kuma da shi kake shiga ajin tsuntsayen da aka ƙyanƙyashe a shekarar. Ba za a haɗa ka da gwanaye ba: akwai matakin masu farawa, sai uku a samansa har zuwa na zakaru, ana hawa a hankali. Kada ka manta kuma, tun 1 ga Oktoban 2024 dokar Ingila ta wajabta wa masu tsuntsaye yin rajista da hukuma saboda murar tsuntsaye. An ɗauke wa baji da ke cikin ɗaki ba ya fita, amma in za ka gina musu keji a bayan gida mai buɗe ga iska, ko za ka riƙa kai su gasa, yi rajistar, kyauta ce.

Wajen saye, ka nemi maza uku da mata huɗu daga hannun mutum ɗaya, masu alaƙar jini, maimakon tsinto ɗaya nan ɗaya can. Kada ka nemi wanda ya ci kofi, ba za a sayar maka ba, in an sayar ma kuɗin zai girgiza ka. Nemi ƙannensa da ƙanwarsa da ba su kai shi kyau ba, jini ɗaya ne. Mata su zama 'yan ƙasa da shekara biyu, zobe zai faɗa maka. Kuma duk sabon tsuntsu ka ware shi kwana 30 kafin ya haɗu da naka, kana lura da kashinsa, da ƙirjinsa ko ya rame ƙashi ya fito kamar wuƙa, da bakinsa ko akwai farin ɓawon ƙazwar nan da ƙananan ƙwari ke haddasawa. Akwai cutar aku da ke kama mutum ta ƙurar busasshen kashi, tana zuwa kamar mura mai zazzaɓi. In ka yi irin wannan rashin lafiya, ko tari ya ƙi ƙarewa, ka gaya wa likitanka kana kiwon tsuntsaye.

Ranar gasa alƙali ba ya taɓa tsuntsu. Kowa a cikin keji iri ɗaya yake, baƙi a waje fari a ciki, babu sunan mai shi. Yana duban lafiya da cikar gashi kafin komai, sai faɗin kai, da tsayuwa a kan sanda a ɗan karkace kamar digiri 30, da fukafukai da ba su giciye juna ba, da baƙaƙen ɗigo shida a maƙogwaro, manya, zagayayyu, a jere. Tsuntsu yakan fito da ɗigo fiye da haka, sai a sa matsefata a tsige rarar kwana kaɗan kafin gasa. Halal ne a dokarsu, amma rini ko datse gashi don a ruɗi alƙali haramun ne. Karo na farko da na yi tsigar nan hannuna ya kuskure na cire babban ɗigo, sai da na jira kusan wata guda ya tsiro, gasa kuwa ta wuce. Dogon gashin bindi in ya karye ya fi haka daɗewa, wajen mako takwas. Ka fara gwadawa a kan wanda ba za ka kai ko'ina ba.

Sai littafi. Kowace haɗuwa ka rubuta uba da uwa da lambar zobensu, ranar kowane ƙwai, da abin da ya fito. Naka biyun ma za su ba ka abin rubutawa. Kore yana danne shuɗi a gado, don haka in korenka zalla ne, duk 'ya'yansa da shuɗiyar nan kore za su fito, kowanne yana ɓoye da shuɗi a jininsa. In kuwa ka leƙa akwati ka ga ko da ɗaya shuɗi, to shi ma uban yana ɗauke da shi, kuma kusan rabin 'ya'yan da za su biyo baya shuɗɗa za su zama.