Amsa ga Alhaji: Yadda Mota Mai Jan Gaba Take Kama Ƙasa a Ƙanƙarar Kanada

Assalamu alaikum Alhaji, ya iyali, ya hazon Kano? Tambayarka ta iso gare mu. Ka ce yaro zai zo karatu Winifeg, kuɗin da ke hannu ba su wuce na Corolla ko Civic ba, kuma an gaya maka mota mai jan ƙafar gaba ba ta iya ƙanƙara, sai an sayi jif mai jan ƙafa huɗu. Kwantar da hankalinka. Yawancin Hausawan da ke nan, daga ɗalibai har masu iyali, irin waɗannan ƙananan motocin suke hawa hunturu bayan hunturu. Inji da giya suna zaune a kan ƙafafun gaba, wajen kashi 60 cikin ɗari na nauyin motar ke nan yana danne ƙafafun da suke ja. Jif ya fi ta saurin tashi daga tsaye, wannan gaskiya ne, amma wajen birki da kwana babu abin da jan ƙafa huɗu yake ƙara masa. Can taya ce take magana.

Saboda haka a kan taya muke kashe kuɗi. Robar tayar da aka saba da ita tana fara ƙagewa idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7, a Winifeg kuwa digiri 30 ƙasa da sifili ba labari ba ne a Janairu. Tayar hunturu robarta ba ta rasa laushi a wannan sanyin, kuma zanenta cike yake da ƙananan tsage-tsage kamar an yi mata shasshawa, su ne suke buɗewa su ciji ƙanƙara. Alamarta tana gefen taya: hoton dutse mai kai uku da tauraruwar dusar ƙanƙara a cikinsa. Haruffan M+S su kaɗai ba su isa ba, kusan kowace taya tana ɗauke da su. Waɗanda mutanenmu suka fi saye su ne Michelin X-Ice, Bridgestone Blizzak da Nokian Hakkapeliitta ta ƙasar Finlan, masu araha ma suna nan, kuma mafi arahar tayar hunturu ta fi tayar bazara mai tsada a kan ƙanƙara. A lardin Kebek doka ce, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Manitoba, lardin da Winifeg take, ba a tilasta ba, amma hukumar inshorar lardin tana ba da bashi mai sauƙi don sayen tayoyin, a Ontariyo kuma kamfanonin inshora suna yi wa mai su ragi. Mu ba ma jiran doka. Ana shiga ƙarshen Oktoba za ka ji ana tunatar da juna a bakin masallaci bayan Juma'a, domin ranar da dusar farko ta sauka layin masu canjin taya sai ya kai mako biyu.

Ga inda sababbin zuwa suke yin tuntuɓe, kuma a nan muke so ka ja wa yaro kunne. Tunanin gida shi ne, tunda gaba ke ja, a sayi biyu a sa a gaba, a bar baya da tsofaffi. A kan ƙanƙara wannan tsimi ne mai kisa. Gaba ta kama ƙasa, baya ba ta kama ba. Direba ya ji mota tana tashi lafiya, ya saki jiki, sai ya shiga kwana ko ya taka birki, gindin motar ya zame ya zagayo, ya tsinci kansa yana kallon inda ya fito. Zamewar gaba direba yana jin ta a sitiyari, yana iya gyarawa. Zamewar baya ba ta sallama. Huɗu ake saye, iri ɗaya, girma ɗaya. Idan kuma biyu sun fi biyu zane, masu zanen su ne na baya, ko da mota mai jan gaba ce. Mun san wannan ya saɓa wa abin da masu faci suke faɗa a gida, amma haka kamfanonin taya da kansu suke umarni.

Wanda zai sayi na hannu ya duba abu biyu. Zurfin zane kada ya gaza milimita 5 ko 6 lokacin saye, don idan ya sauko 4 ta gama aikin hunturu, alhali sabuwa tana zuwa da 8 zuwa 10. Sai shekarunta: a gefe, a ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu, misali 2321 yana nufin mako na 23 na shekarar 2021. Wadda ta haura shekara shida robarta ta bushe ko da zanenta yana ƙyalli.

Faɗin taya ma yana da magana. Siririya ta fi kyau a dusar ƙanƙara, tana yanka ta nutse ta taɓa kwalta, mai faɗi kuwa iyo take yi a sama. Shi ya sa mai Corolla da ke kan taya mai lamba 205/55R16 yakan sauko 195/65R15 a kan rim ɗin ƙarfe baƙi, tsayin ƙafar kusan ɗaya ne, mitar gudu ba ta rikicewa. Sai dai a tabbata ƙaramin rim ɗin ba ya gogar birki. Rim na daban yana da wani amfani: ba sai an ɓare taya an mayar sau biyu a shekara ba, ƙafa kawai ake cirewa a ɗaura, har a garejin wani ɗan'uwa mai jak ana haɗuwa a yi wa motoci uku huɗu a yini ɗaya. A lura da kibiyar da ke gefen taya idan akwai, ta fuskanci gaba. Bayan tafiyar kilomita 80 zuwa 100 a sake ɗaure notuna, sukan saki.

Akwai tayoyi masu ƙusoshi, waɗanda aka dasa wa ƙananan ƙarafa a zane. A kan ƙanƙara mai sulɓi kamar madubi babu kamarsu, amma suna da ƙara, suna cin titi, kowane lardi da dokarsa a kansu. Kebek ta yarda daga 15 ga Oktoba zuwa 1 ga Mayu, mazauna kudancin Ontariyo kuwa ba a ba su dama ba. Ɗalibin da ke yawo cikin gari ba ya buƙatar su. Sarƙa kuma ta masu hawan duwatsun yamma ce, a ƙafafun gaba ake ɗaura ta, kuma ba a wuce kilomita 50 a awa da ita.

Abu biyu da hannu yake kaiwa gare su don an saba, a nan a bar su. Na farko sace iska. Direbobin hanyar Agadas suna rage iska don taya ta baje a kan rairayi, kuma daidai ne a can. A titin ƙanƙara baje tayar shi ne abin da ba a so. Sanyin da kansa yana satar iska, wajen fam ɗaya duk lokacin da aka sauko digiri 5 ko 6, don haka ake aunawa da safe kafin mota ta motsa, a cika daidai da lambar da ke manne a jikin ƙofar direba. Na biyu loda buhunan yashi a but. Wannan dabarar motocin a-kori-kura ce masu tura baya. A mota mai jan gaba, nauyin da ke bayan ƙafar baya ɗaga hancinta yake yi, ya rage wa ƙafafun da ke ja da juyawa abin da suke taƙama da shi. Abin da muke ajiyewa a but kaɗan ne: ƙaramin shebur, buroshin share gilashi, bargo, da ɗan buhun yashi ko tsakuwar bayan gidan kyanwa, na zubawa ƙarƙashin taya, ba na nauyi ba.

Sauran aikin na ƙafar direba ne. Ɗabi'armu ce ranar dusar farko wani babba ya ɗauki sabon zuwa su je filin ajiye motoci da babu kowa, ya sa shi ya taka birki da ƙarfi a gudun kilomita 20 ko 30, don ya ji yadda birkin yake karkarwa a ƙarƙashin ƙafarsa. Wannan karkarwar ABS ce take aiki, wato na'urar da ke hana taya ƙullewa idan an taka birki. Ba a ɗaga ƙafa, ba a famfo, a danne a ci gaba da juya sitiyari inda ake so. Wajen tashi kuwa totur kaɗan-kaɗan, mai giyar hannu ya tashi da giya ta biyu. Dalili shi ne na'urar da ke raba ƙarfin inji tsakanin ƙafafun gaba biyu tana barin wadda ta fi samun santsi ta yi ta wulwulawa ita kaɗai, ɗayar tana tsaye. Ƙarin wuta ba ya ƙara komai sai dai ya narkar da dusar ya goge ta ta koma gilashi. Kuma tayar gaba aiki uku take yi, ja da juyawa da mafi yawan birki, ba ta iya haɗa su a lokaci guda a kan santsi. A gama rage gudu tun mota tana miƙe, sannan a shiga kwana. Idan an juya sitiyari mota ta ƙi, ta ci gaba da miƙewa, kada a ƙara murɗawa. A sassauta totur a hankali, a ɗan warware sitiyarin har taya ta sake kamawa. Idan baya ce ta zame, ido da sitiyari su koma inda ake son zuwa, kuma kada a daki birki.

Hawan tudu shi ne raunin wannan motar na gaskiya, don nauyi yana komawa baya. A taho da ɗan gudu tun daga ƙasa, a riƙe shi, kada a tsaya a tsakiya.

Idan ta maƙale, a fara da shebur: a share gaba da bayan ƙafafun gaba, da ƙarƙashin motar idan cikinta ya hau kan dusa, da bakin salansa, don salansar da ta toshe tana mayar da hayaƙi mai kisa cikin mota ba tare da an ji warinsa ba. A miƙe sitiyari, a zuba yashi ko a cusa kafet ɗin ƙasan mota a ƙarƙashin taya, a kashe maɓallin hana wulwular taya na ɗan lokaci tunda yana yanke wuta, sannan a yi ta lilo, gaba kaɗan baya kaɗan, ana barin ƙafa ta tsaya cak kafin a canja giya, in ba haka ba giyar otomatik za ta yi zafi ta lalace. Da an fita a mayar da maɓallin.

Lokacin da muka fi tsoro ba tsananin sanyi ba ne, lokacin da ma'auni yake wasa kusa da sifili ne, ƙanƙara ta jiƙe a sama, musamman fitar Asuba kafin motocin gishiri su zagaya. Titi ya yi baƙi kamar an yi yayyafi, ashe ƙanƙara ce. Gadoji su ne suke fara daskarewa don iska tana bi ta ƙarƙashinsu. A irin wannan rana a kashe na'urar riƙe gudu, a ninka tazarar da ake bari sau biyu ko uku. Gishirin ma ƙarfinsa yana raguwa sosai idan an wuce digiri 10 ƙasa da sifili, shi ya sa a Winifeg yashi ake yawan watsawa.

A watan Afrilu, idan ɗumi ya zauna sama da digiri 7, a cire tayoyin hunturun a ajiye a inuwa, zafi yana cinye su da wuri. Wannan ya shafe ku ma, Alhaji: motocin da ake shigo da su gida daga Kanada da Amurka, da tayoyin Beljiyam da ake sayarwa a kasuwa, wasunsu na hunturu ne. Ka duba gefen naka, idan ka ga dutsen nan mai kai uku da tsage-tsage birjik a zane, kada ka hau hanyar Kano zuwa Kaduna da su a zafin Afrilu. A gaida Hajiya da yara.