Amsa ga Kawu: Dalilin da Muke Sayen Zogale da Tsada a Kalifoniya

Kawu, ina gaisuwa. Kun tambaya ko Hausawan Amurka sun rasa abin yi da kuɗi ne, da har muke sayen garin zogale da kuka a 'yar kwalba da tsadar gaske. Tarar da ɗabi'ar muka yi, kuma tushenta yana wajen wasu matasan Turawa da ake kira 'yan hipi.

A 1967 matasa kusan 100,000 suka yi dafifi a unguwar Haight-Ashbury ta San Faransisko a nan Kalifoniya. Sun tara gashi, sun ƙi yaƙin Biyetnam, sun ce sun gaji da abincin gwangwani da rayuwar iyayensu. Shaye-shaye ya yi musu katutu, cututtuka suka biyo baya, har wani likita, David Smith, ya buɗe asibitin kyauta a unguwar a shekarar, yana cewa kula da lafiya haƙƙi ne, ba gata ba.

Amma a tukunya suka fi barin tarihi. Su suka yayata shinkafar da ba a cashe ta fes ba, da burodin alkama mai dusa, da kayan lambun da ba su ga takin zamani ko maganin feshi ba, wato abin da ake kira oganik. Lokacin dariya ake musu. Sai ga shi a 1990 majalisar Amurka ta yi wa irin wannan noma doka. Kantin Whole Foods mai sayar da irin wannan abinci, da ya fara a Austin ta jihar Texas a 1980, kamfanin Amazon ya saye shi a 2017 kan dala biliyan 13.7. Abin da aka faro don gudun 'yan kasuwa ya ƙare a aljihunsu, yau talakan nan sai dai ya leƙa ya wuce.

Mu kuwa hawan jini da ciwon suga ne suka kora mu can. Likita ya ce ka rage farar shinkafa da lemon kwalba, ka shiga kantin ka ga acca da gero da zoɓo an jera su cikin gata, abincin da muka raina muna yara. Dole mu saya, tunda ba kullum ake samun mai zuwa daga gida ba.

A kan yoga, wadda ita ma 'yan hipin suka yayata, kanmu ya rabu. Wasu na ganin miƙe jiki ce kawai, wasu malamanmu sun ce asalinta ibadar Hindu ce, a nisance ta. Ni dai tafiyar ƙafa bayan asuba ta ishe ni, amma ba na jifar wanda ciwon baya ya kai shi. Wiwi kuwa, ko da jihar Kalifoniya ta halatta ta don magani a 1996, ba ta shiga gidajenmu da yardarmu.

Abin da ya fi ba ni haushi cikin gadon nan shi ne zargin maganin asibiti, har wasu iyaye masu ilimi da kuɗi suka riƙa hana 'ya'yansu rigakafi. Ƙyanda ta ɓarke daga Disneyland, wurin shaƙatawa a nan Kalifoniya, a ƙarshen 2014, sai a 2015 jihar ta soke uzurin “ra'ayina ne” ga yaran makaranta. Ku da kuka ga yadda shan inna ta bazu bayan an dakatar da rigakafi a Kano a 2003, ba sai na faɗa muku dalilin da jikokinku na nan ba sa tsallake allura ko ɗaya ba.